Ranar da Bar-Mini Ya Raba Makullai

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Kowa Bar-Mini yake kiransa, domin ba a taɓa kawo maganar wani aiki a gabansa bai daki ƙirji ya ce "ku bar mini" ba. Rediyo ta ƙi magana, ku bar mini. Famfo na yoyo, ku bar mini. An kuwa sha bar masa ɗin, shi ya sa rediyoyi da yawa a unguwar suka yi shiru har abada, famfon da ke ɗiga kuma ya koma ambaliya.

Shekara da shekaru shi da matarsa suna raɓe a ɗakin baya na gidan yayanta, tsakanin tsofaffin tayoyi da wani mataccen firji. Yayan nan kuwa bakinsa ba linzami. Kullum da safe in sun haɗu a tsakar gida sai ya ce, "Injiniya, an tashi lafiya? Yau kuma me za a ɓata?" Bar-Mini ya yi dariyar yaƙe ya wuce. Abin na cin ransa, amma ya fi cin ran matarsa, don ita ke kwana da kunyar ta tashi da ita.

Saboda haka da ƙungiyar gidajen al'umma ta gama sabon benenta na masu ƙaramin ƙarfi, aka ce ana neman mai kula da gida, kuma aikin da ɗaki yake tafe, a ƙasa, dab da ƙofar shiga, matar nan ba ta zauna ba. Ita ta yi ta sintiri a ofishin ƙungiya har aka yarda a gwada mijinta. Suka kwaso 'yan komatsansu suka tare. Ta ɗaura labule, ta shimfiɗa leda, ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta yi wata doguwar ajiyar zuciya. Rabon da ta ji daɗi haka har ta manta.

Shugabar ƙungiyar tsohuwar malamar makaranta ce, mai tabarau, ba ta maimaita magana. Ranar da ta kawo masa makullai da takardun yarjejeniya da hatimi, ta dube shi ta saman tabarau ta ce:

"Malam, gwaji ne. Idan 'yan haya suka shiga lafiya, aiki naka ne, ɗaki naka ne. In aka samu akasi, ka san inda ka fito."

"Ranki ya daɗe, ku bar mini."

"Ban gama ba. Tsarinmu ɗaya ne. Mutum ɗaya-ɗaya za ka kira. Ka raka shi har ƙofarsa, ya buɗe da hannunsa, ya ga ɗakinsa da idonsa, sannan ku sa hannu ka buga hatimi. Kowane makulli da lambarsa a ɗaure, kowace ƙofa da tata a rubuce. Kana da mako guda. Kada ka yi gaggawa."

Tana juya baya ya taɓe baki. Ya tsallaka titi wajen mai kantin da shagonsa ke kallon benen, inda benci ba ya rabo da 'yan zaman kashe wando.

"Ka ji wai mako guda! Aikin da zan gama kafin rana ta yi tsaka."

Mai kanti ya ce, "To ai da ka bi yadda ta ce, tunda ita ke da gida."

"Kai gwangwanin madara ka sani. Harkar mulki ka bar wa masu ita."

Nan take ya ɗauki waya ya bi 'yan hayan kaf, ya ce kowa ya zo gobe da safe da kayansa. Ya kira Shugaba ma, bai gaya mata abin da ya shirya ba, ya dai ce ta leƙo da tsakar rana za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. A nan kam bai yi ƙarya ba.

Sai shiri. Ya zagaya benen hannu a baya, ya ga lambobin da magina suka rubuta da alli a jikin ƙofofi, a karkace, kamar kaza ta yi tono. Ina! Ba a gidan da yake shugabanta ba. Ya sayo koren fenti, ya tsiyaya masa man inji don ya taɓa jin an ce yana ƙara sheƙi, ya bi ƙofofin sama da ƙasa ya shafe su tas, har da lambobin. Da safe zai rubuta sababbi da farin fenti, da hannunsa mai kyau.

Da ya dawo kan makullai sai ya ga duk sun yi dususu da ƙurar siminti, ga wasu 'yan takardu suna reto a jikinsu da zare. Ya zuba kananzir a roba, ya ɗauko almakashi. A haka matarsa ta dawo daga shagon wanki da guga inda take aiki, ta same shi.

"Malam, me kake yankewa?"

"Tarkace."

"Lambobin ne fa!"

"Lamba ta mai mantuwa ce. Ni kowane makulli a nan na san haƙoransa kamar yadda na san naki."

"Nawa ɗaya ya fita tun bara, ba ka lura ba."

Ya yi kamar bai ji ba. "Kuma a jere nake zuba su. Na farko a ƙasa, na ƙarshe a sama. Tsari ke nan."

Yana faɗin haka ya ɗauko wani guntun itace ya shiga juya su a cikin robar don su wanku da kyau. Matar ta tsaya tana kallonsa. Can ta ce, murya a sanyaye, "Ni dai ka ji, ba zan koma ɗakin tayoyin nan ba. Don Allah, Malam. Sau ɗaya a rayuwarka ka yi yadda aka ce."

"Ke dai ki tanadi guɗa," in ji shi.

Gari ya waye, matar ta tafi aiki. Bar-Mini ya ɗauki farin fenti ya nufi ƙofar farko, ya dangwala yatsa. Yatsa ya dawo kore shar. Ya gwada ta biyu, haka. Fentin nan ko alamar bushewa bai yi ba, sai ƙyalli yake kamar yanzu aka shafa.

"Alamar fenti mai kyau ke nan," ya ce wa kansa. "A hankali yake shiga jikin katako."

Lambobi dai ba su rubutu ba. Bai damu ba, ai a kansa suke. Ya fito da tebur bakin ƙofa, ya jera takardu da hatimi, ya ajiye robar makullai, ya sa wata kwat da ta fi ƙarfin kafaɗarsa. Ya kulle ɗakinsa, ya dubi nasa makullin, ya ga duk tsatsa, ga na baƙi sai walƙiya suke. Haba, a ce mai kula da gida ne da mummunan makulli? Ya jefa shi cikin robar shi ma ya ɗan sha kananzir.

Kafin ka ce me, titi ya toshe. Motocin kaya, kura, baro, katifu a kan kawuna, tukwane na ƙara, yara na kuka, masu mota na ta danna oda. Mutanen da aka shirya za su zo cikin mako guda, ga su duk a safiya ɗaya, kowa na cewa shi ya fara zuwa. 'Yan benci suka gyara zama.

Na farko a layi tela ne, siriri mai saurin baki, keken ɗinkinsa a baro, ƙullin fararen yadukan mutane a kafaɗa. Takardarsa ta ce ɗaki na huɗu a sama. Bar-Mini ya naɗe hannun kwat, ya lumshe ido, ya tsoma hannu a roba, ya laluba, ya zaro makulli ya ɗaga sama.

"Wannan ne. Ka ji nauyinsa? Na huɗu ke nan."

"Wace ƙofar? Ban ga lamba ba."

Bar-Mini ya ɗaga kai ya ƙirga daga hagu, ya nuna. Tela ya hau.

Na biyu direban babbar mota ne, ƙato, wuyansa ya kai cinyar Bar-Mini, ga matarsa da yara reras a bayansa. Shi na bakwai ne a sama. Aka sake lumshe ido, aka zaro makulli. Sai dai wannan karon daga dama Bar-Mini ya fara ƙirga, yatsansa kuma ya sauka a kan ƙofar da ya tura tela.

A gefe wata tsohuwa ce zaune a kan ƙullin kayanta, sanda a hannu. Ta ce, "Ɗana, ni dai an ce a ƙasa za a ba ni. Gwiwoyin nan ba sa hawa."

"Iya, ki kwantar da hankalinki. Ke ta musamman ce, da kaina zan zaɓa miki."

Bai rufe baki ba hayaniya ta ɓarke a sama.

"Malam, matsa min daga ƙofata!"

"Ƙofarka? Ni aka fara nuna wa!"

"To buɗe mana in taka ce!"

"Kai buɗe in taka ce!"

Tela ya zura nasa, bai juya ba. Direba ya zura nasa, ko shiga bai yi ba. Direba ya dafa ƙofa don ya ƙara ƙarfi, tafin hannunsa ya manne. Tela ya juya zai yi dariya, ƙullin yadukan ya gogi ƙofar maƙwabta. Da ya ga abin da ya samu fararen yadukan mutane, sai ya saki wata ƙara da ta sa jarirai suka yi shiru.

Bar-Mini bai ɗaga kai ba, yana ta rabo. Wannan na biyu, wannan na tara, wannan na kusa da famfo. Duk wanda ya tafi sai ya dawo, kuma ba wanda ya dawo da kalar da ya tafi da ita. Wannan kore a kafaɗa, wancan a gwiwar hannu, wata baiwar Allah da ta leƙa ramin makulli ta dawo da koren goshi. Ƙofa ko ɗaya ba ta buɗu ba.

Mai kanti ya ɗaga murya daga tsallake. "Malam Bar-Mini, nawa aka shigar?"

"Ana kan shiga!"

"Ai mu fitowa muke gani."

"Sabon kwado ne, sai an lallaɓa shi. Kai me ka sani?"

Jama'a suka yi wa teburin zobe. Tela na kaɗa masa koren yadi a hanci, direba na huci a kansa. Da mai hankali ne, da a nan zai ce a yi haƙuri a kira Shugaba. Amma Bar-Mini, da gumi ya jiƙa masa kwat, sai ya ji wata dabara ta faɗo masa, har ya ji tausayin mutanen da ba su da irin kansa. Ya haye kan tebur ya ɗaga hannu.

"Jama'a! Ku saurara! Wannan duk gwaji na yi muku. Tsohon yayi ne a ce lamba ke ba mutum ɗaki. A wuraren da aka ci gaba, makulli ke zaɓen mai shi. Kowa ya riƙe na hannunsa, ya bi ƙofofi. Duk ƙofar da makullinka ya buɗe, ɗakinka ne, ba mai fitar da kai!"

Tela ya ce, "A baki ko a rubuce?"

"A rubuce!"

Ya sauko ya ja takardu. A gurbin lambar ɗaki ya riƙa rubuta "duk ƙofar da makullinsa ya buɗe", ya sa hannu, ya buga hatimi. Dam! Dam! Dam! Yadda yake jin daɗin ƙarar hatimin nan, da za a ba shi takardun duniya da ya buge su. Da ya zo kan tsohuwa, sai ya tsoma hannu can ƙasan roba ya zaro ɗaya, ya goge a jikin kwat, ya miƙa mata da hannu biyu har da rusunawa.

"Iya, ga naki. Da hannuna na zaɓa."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Wayyo, zo ka ga tsere! Maza da mata suka bazu a benen, kowa na zura makulli a kowace ƙofa, ana ture juna a matakala, ana layi a ƙofa ɗaya ana tsallake wata. Can sai a ji ƙaras, wani ya yi ihun murna. Wani gwauro mai katifa ɗaya da rediyo ya buɗe ɗaki biyu da falo. Mai mata da 'ya'ya shida ya buɗe ɗan ƙurmusun da ke ƙarshen baranda. Makullin tela ya buɗe wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin matakala, ya leƙa ya ga mitocin lantarki ne jere a bango, wurin ko keken ɗinkin ba zai ɗauka ba.

Direba kuwa ya daɗe yana zagaye kafin nasa ya juya. Ya tura ƙofa, ya tsaya. Ya dawo wajen tebur a hankali, kuma wannan tafiyar tasa ta fi gudu ban tsoro.

"Malam, banɗaki ne."

"Ma sha Allah, ya buɗe ke nan."

"Na ce banɗakin tsakar gida ne! Ni da matata da yara a banɗaki za mu zauna?"

"To ai akwai ruwa a ciki. Wasu nema suke ba su samu ba."

Direba ya miƙo hannu zai cafki wuyan kwat. Allah ya taimaki Bar-Mini kwat ɗin ta yi masa yawa, ya sulale daga cikinta ya bar masa ita a hannu, ya ce bari ya duba wani abu a sama. Ya haye matakala bibbiyu, ƙato na biye. A baranda ya ga wata ƙofa a buɗe da makulli a jiki, mai ita ta sauka kwaso kaya. Ya zare makullin, ya faɗa ciki, ya rufo, ya murɗa da iya ƙarfinsa. Ƙas! Rabin makulli a hannunsa, rabi a cikin kwado.

Ya ruga taga. Taga da ƙarafuna. Ya riƙe su yana leƙen tsakar gida, yana haki.

Daga nan ya hango tsohuwa. Ita da ba ta iya tsere, ta jira har ƙura ta lafa, sannan ta dogara sandarta ta nufi ƙofar da ta fi kusa da ita, wadda ba wanda ya kula da ita don kowa ya ga labule a tagarta. Bar-Mini ya ga ta ɗaga makulli. Sai a lokacin ya shafa aljihun wandonsa, ya ji wayam.

"Iya! Iya! Ba nan ba!"

Ina, hayaniya ta cinye muryar. Tsohuwa ta hango shi yana ɗaga hannu, ta ɗaga masa nata tana murmushi. Ta murɗa. Makullin da ya sha kananzir ya juya sumul.

Ta shiga. Jim kaɗan ta leƙo, fuskar nan kamar an yi mata albishir da Aljanna.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Har da gado! Har da labule! Har da tukunya a kan risho! Kai, Allah ya saka wa ƙungiyar nan da alheri!"

Waɗanda suka samu ɗakuna suka leƙa nasu, suka ga siminti tsura. Sabuwar rigima ta tashi.

"Mu ina namu gadon?"

"Wato son kai za a yi mana?"

"Ni ko rishon a ba ni!"

Cikin wannan hali Shugaba ta iso. Motar haya ta sauke ta nesa don ba hanya, ta ratso tsakanin katifu da tukwane da ƙafa. Ta tsaya a tsakar gida tana duban mutane kore-kore, ga tebur a kife, ga roba ta zube, wuri sai warin kananzir. Ta juya ta tambayi mai kanti, wanda tuni ya rufe shago ya shigo kallo.

"Ina mai kula da gida?"

Mai kanti ya nuna sama da baki.

Ta ɗaga kai, ta gyara tabarau. "Malam, me kake yi a can?"

"Ranki ya daɗe, sannu da zuwa! Ingancin kwado nake dubawa daga ciki."

"Ka gama dubawa?"

"Na gama. Yana da inganci ƙwarai."

"To sauko."

"Ingancin ne ya hana, ranki ya daɗe."

'Yan benci suka fashe, wani har da riƙe ciki. Shugaba ba ta yi dariya ba. Ta tambaya ko akwai mai iya ɓalle ƙofar. Direba ya ce shi, kuma ba ya son ko godiya. Ya ja da baya har ƙarshen baranda, ya taho da kafaɗa. Bar-Mini kuma a daidai lokacin ya matso yana ba da umarni ta ramin makulli, wai a daki gefen hagu, shi ya san lagon ƙofar. Ƙofa ta ɓalle ta yi ciki da shi, direba ya bi ta kai. Da aka ɗaga aka zaro shi, ya dafa nan ya dafa can, ya rungumi ƙofar don ya miƙe, ya fito kore tun daga goshi har gwiwa, idanu kawai ke fari.

Aka sauko da shi tsakar gida. Shugaba ta karɓi takardar tela ta karanta, ta karɓi ta direba ta karanta. Ta cire tabarau ta goge ta mayar ta sake karantawa.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Sabon tsari ne, ranki ya daɗe. In aka ba shi lokaci..."

"Ina lambobin ƙofofi?"

"Suna ƙarƙashin fenti, lafiyarsu ƙalau."

"Na makullai fa?"

"Suna kaina."

"To faɗa min, wannan na wane ɗaki ne?" Ta ɗaga wani makulli daga ƙasa.

Bar-Mini ya karɓa, ya juya shi, ya duba haƙoransa, ya ce ba shakka na uku ne a sama.

Mai kanti ya ce, "Kai, ba ni nan! Na shagona ne, yanzu ya faɗi."

Ana cikin wannan dariya matarsa ta shigo da gudu, mayafi a hannu, don labari ya riga ya kai shagon wanki. Ba ta tsaya wajen taro ba, ta wuce ɗakinta. Ta tarar da tsohuwa ta cire takalmi ta miƙe ƙafafu a kan gado, tana shafa wa gwiwoyinta man zafin da ta gani a kan taga.

"Sannu, 'yata," in ji tsohuwa. "Ke ma ɗaki kike nema? Ki nemi yaron nan mai kwat, mutumin kirki ne. Dubi abin da ya zaɓa min da hannunsa."

Matar ta juya. Ta fito ta dubi mijinta. Da zagi ta yi da ya fi masa sauƙi.

Shugaba ta yi magana, kuma ba wanda ya katse ta. Ta ce za a kira mai gyaran kwado, kowa ya mayar da makulli da takarda, za a sake komai daga farko, mutum ɗaya-ɗaya. Waɗanda ba su da inda za su koma a buɗe musu zauren taro su ajiye kaya. Sannan ta shiga wajen tsohuwa, ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata bayani a hankali. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta zaro takardarta daga bakin zane.

"'Yata, ni ban iya karatu ba, amma an ce min wannan hatiminku ne. Na gaji da yawo a gidajen mutane. Na zauna ke nan. In fitar da ni za ku yi, sai dai ku ɗauke ni da gadon."

Shugaba ta dubi takardar, ta dubi kumburarrun gwiwoyin. Ta miƙe ta fito.

"Iya ta zauna. Ɗakin ƙasa ne, kusa da ƙofa, ya dace da ita, kuma hatimin ƙungiya ba abin wasa ba ne. Kayan ciki kawai za a fitar."

Bar-Mini ya matso yana murza hannu. "Hukunci ya yi, ranki ya daɗe, ni ma abin da na yi niyya ke nan. Sai mu mu koma ɗakin da aka ware wa Iya tun farko."

"Wancan yanzu ya zama na mai kula da gida."

"To ai shi ne na ce..."

"Sabon," in ji Shugaba.

Mutanen da ɗazu ke neman wuyansa su suka taya fitar da kaya, don abin ya wuce fushi ya koma tausayi. Aka fito da gado, aka naɗe leda, aka ɗauko risho da tukunya. Tela ya hau kujera zai kwance labule, tsohuwa ta ce, "Har labulen?"

Matar ta ce, "Bar mata shi. Inda za mu ba taga."

Direba ya ce zai kai su a motarsa kyauta. Ana lodi, matar ta tayar da teburin da ya kife, ta goge shi da gefen mayafi, ta jawo kujera ta ce Shugaba ta zauna don Allah.

"Ranki ya daɗe, ina so a sa ni a layin masu jiran ɗaki. Ba na mai kula da gida ba. Na haya, kamar kowa. Ina da aikina, zan iya."

Shugaba ta dube ta da kyau, ta zaro biro. "Layin da tsawo."

"Na saba jira."

Ta tambayi suna ta rubuta, ta tambayi sana'a ta rubuta. "Mutum nawa za su zauna a ɗakin?"

Bar-Mini ya gyara tsayuwa, ya ɗaga koren yatsu biyu daga bayan matarsa. Matar ba ta waiwaya ba.

"Rubuta ɗaya."

"Ɗaya kuma?" Muryarsa ta fito 'yar siririya. "Ni fa?"

"Ranar da bakinka ya iya cewa 'ban iya ba', zan zo da kaina a ƙara ka."

Ba wanda ya yi dariya, har 'yan benci. Ta sa hannu, ta yi godiya, ta je ta shiga gaban mota ta rufe ƙofa. Bar-Mini ya haye baya ya zauna a kan katifa, yana riƙe da risho kada ya faɗi. Direba ya tayar da mota, ya leƙo ta taga ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam, ina muka nufa?"

Bar-Mini ya jira ko matarsa za ta amsa. Ba ta amsa ba. Ya sunkuyar da kai.

"Gidan Yaya," ya ce. "Ka bi ta ƙofar baya."